Fitilar da Ta Kama a Ƙofar Likita

Fitilar ta kama ne ranar da muka ɗauko gawar maigidana daga babbar likita, wato babban asibitin Maradi. Ni ban gan ta ba a ranar, don ina baya tare da shi. Jibo ne ya gan ta, shi da ke tuƙi, kuma bai gaya wa kowa ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Motar ta maigidana ce, fara, doguwa, mai kujera layi uku. A tashar Gazawa, Magaji Mai Farar Mota suke ce masa. Da ita yake jigilar mutane zuwa Agye da Cadawa, ranar kasuwa kuma ya bi ƙauyuka. Da ita muke ci, da ita aka sa yaranmu Raliya da Hafizu lakol, wato makarantar boko. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi sai ya miƙa makulli ga Jibo, wanda ya fara a hannunsa yana karen mota har ya girma ya yi aure.

Marigayi ba ya barin fitila a kunne a tablo, wato gaban direba inda agogunan mota suke. Wasu direbobin in fitila ta dame su sai su liƙa mata baƙin sikoci, wato salatif, su ci gaba da tafiya. Shi kam ko ana jiransa da lodi sai ya kai an duba. Yakan ce mota ba ta da baki, da fitila take faɗin ciwonta. Wannan fitilar ruwan ɗorawa ce, zobe ne da haruffan boko uku a ciki, A da B da S. Ta birki ce. Yadda Jibo ya saba ganinta, in ka murɗa makulli za ta kama, kafin ka gama addu'ar hawa ta ɗauke da kanta. Tun ranar nan kuwa ta ƙi ɗaukewa.

Bayan sadakar bakwai Jibo ya koma tasha da ita a haka, tunda in ya taka birki mota tana tsayawa. Damina ce. Wata ranar kasuwa yana kan jar hanya, ruwa ya sauka da safe, sai ga amalanken jaki ya fito daga cikin gero. Ya taka birki da ƙarfi. Tayoyin suka ƙame, mota ta ja a kan laka kamar an ja tabarma, sai da ta tsaya a gefen gonar mutane. Ba wanda ya ji ciwo, jakin ma ko tsayawa bai yi ba. Amma wata mata da ke kujerar gaba ta nuna tablo ta ce tun da suka taso wannan idon yake kallonta. Wani daga baya ya ce ai ita ce motar da ta ɗauko gawar mai ita. Kafin gari ya waye magana ta gama tasha. Ƴan kamasho suna kira, mutane suna cewa za su jira ta baya.

Jibo ya kawo ta ƙofar gida ya ajiye a gindin dogon yaro. Ni ina takaba, ba na fita, ba na zama da maza. Gwaggo Halima, ƙanwar babana da ta zo ta zauna da ni, ita ce bakina kuma ita ce ƙafata. A zaure ya tsaya ya ba ta makulli, amma ina jin abin da yake cewa. Inna yake ce mini.

"Gwaggo, ki ba Inna haƙuri. Ba don maganar mutane ba. A ƙofar likita ta kama, ana gama sa shi na murɗa makulli. Tun ina yaro nake cikin motar nan, ban taɓa jin ta ja haka ba. Ni dai hannuna ya mutu a kanta."

"To me za su ci, uban tsoro?"

"Allah na nan, Gwaggo."

"Da can ina Yake?" in ji ta. Amma ta karɓi makullin.

Motar ta yi kwanaki a nan, awaki suna kwana a ƙarƙashinta. Sai ga Yaya Cindo daga Cadakori, yayan marigayi, wanda yara suka koma hannunsa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya yi jinya tare da ni a Maradi, shi ya zauna a gaba kusa da Jibo ranar da muka taho. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki daga waje, ni ina ciki, ya yi magana da harshensu na Gobir.

"Balkisu, ki saurara da kyau. Wagga mota ta gama aikinta gidan ga. Direba ya aje, fasinja sun gudu, mi anka rage? Ƙarfe in ya zamna lalacewa shikai. Na yi magana da wani mutumin Ɗankama, jibi bayan la'asar shina tahe. In anka sai da ta a sai ma yara shanun noma. In kin hita takaba ku taso ku komo Cadakori, ga ɗaki ga gona."

Na san gaskiyarsa. In babu mota babu abin da zai riƙe mu a Gazawa. Amma a Gazawa aka rufe shi, nan lakol ɗin yara take, nan na san wa zan aika wa in gishiri ya ƙare. Na ce, "Yaya, a bar ni in sa a duba ta tukuna."

"A duba mi? A rufe hitilar da baƙin abu kamar kowa, in shi ne."

"Jibo ba zai hau ba."

Can ya ce, "To. In ta gyaru kahin mutumin ya iso, kuma Jibo ya amshi makulli da hannunai, na bar ta. In ba haka ba kada ki ce na yi miki ƙarfi."

Akwai mai gyaran wutar mota a Agye, Maharazu, wanda marigayi yake kai wa aiki. Na sa aka kira shi a waya. Washegari yana da aiki a hannu, sai ranar da mai sayen zai zo ya iso da hantsi a kan mashin, da tsohuwar jaka a goye. Jibo ma ya zo, don Gwaggo ta aika masa cewa in bai zo ba ita za ta je ta jawo shi da kunne a gaban matarsa.

Katangarmu ta ƙasa ce, kuma dogon yaron a jikinta yake daga waje. Na shimfiɗa tabarma daga ciki na jingina. Gwaggo ta ɗauki ƴar kujerarta ta zauna a bakin zaure, inda take ganin su kuma take ganina. Duk abin da zan faɗa na aikin nan, da kunne na ji shi, ko kuwa ita ta gaya mini.

Tana ganin Maharazu ta ce, "Au, wannan ne? Ni na ɗauka babban mutum za a kawo. Kai, angona, ko gemun kirki ba ka ajiye ba za ka gyara abin da ya kori Jibo?"

"Amarya, ai saboda ke na aske. An ce ba kya son tsofaffi."

"Gyara tukuna, sannan mu yi maganar sadaki."

Ya yi mini gaisuwar rasuwa ta bayan katanga, na amsa a hankali. Sai ya sa Jibo ya murɗa makulli. Na ji mota ta tashi, karo na farko tun da aka ajiye ta, sai da na dafa ƙasa. Suka bar ta tana aiki kaɗan, sannan aka kashe.

Yaya Cindo ya tambaye shi wai mece ce ma wannan fitilar. Maharazu ya ce kowace taya tana da ɗan kunne a bayanta, mai jin juyawarta. Kunnuwan huɗu suna kai labari ta waya zuwa wani akwati da ke ƙarƙashin kapo, wato murfin inji. In direba ya taka birki da ƙarfi, akwatin ya ji wata taya za ta ƙame, sai ya riƙa saki yana kamawa da sauri don kada mota ta ja. In kuwa labarin taya ɗaya ya daina zuwa, ko wuta ta daina isa akwatin, sai ya janye hannunsa gaba ɗaya ya kunna fitila don direba ya sani. Birki yana nan, amma mai taimakon ya tafi.

"Shi ya sa ta ja da ni," in ji Jibo.

"Shi ya sa. Ba aljani ba ne, laka ce da ƙafarka mai nauyi."

Ya fara daga batir. Na ji yana kankare kawunansa da wuƙa, ya ɗaure. Ya duba man birki, ya ce yana nan daidai. Sannan ya fito da ɗan agogonsa mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Gwaggo ta ce mini in ya dangwala su a abu, in hanyar wuta a buɗe take sai agogon ya yi kuka. Haka kuwa na riƙa ji, tsii, tsii. Ya bi fizibil ɗaya bayan ɗaya, ƴan ƙananan abubuwan nan masu ƙafa biyu da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. Duk suka yi kuka. Ya ciro wani ɗan baƙin akwati da ke yin ƙyas in an ba shi wuta, ya musanya shi da na oda, wato hon, aka murɗa makulli, fitila tana nan. Ya nemo wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, wadda ya kira mas, ya kwance ta ya goge tsatsa ya mayar. Aka murɗa. Tana nan.

Duk murɗawar da aka yi sai in riƙe numfashi, sai in ji Jibo ya ce, "Tana nan." Har na gane daga yadda yake jan numfashi kafin ya faɗa.

Rana ta take. Na dama musu fura, Gwaggo ta kai. Maharazu ya sa jak ya ɗaga gaba, ya cire taya, ya sami kunnen ya cushe da laka da garin ƙarfe. Gwaggo ta leƙo ta ce mini, "An gano! Datti ne." Na ce alhamdu lillahi. Ya wanke shi da fetur, ya yi wa ɗayan ma haka, aka mayar da tayoyi, aka murɗa.

"Tana nan," in ji Jibo.

Gwaggo ba ta sake leƙowa ba sai da aka jima.

Bayan sun dawo daga azahar, Yaya Cindo ya ce, "Malam Maharazu, ba a iya hidda ƙwan hitilar?"

"Ana iyawa, Baba. Ba wuya. Da yawa na cire wa mutane, in sun matsa."

"To?"

Jibo ya riga kowa. "In an cire ƙwai, ranar da na murɗa makulli ban ga ta kama ba, na san rufa-ido aka yi mini. Ta ƙwarai sai ta kama sannan ta ɗauke. Haka maigida ya koya mini."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. Na girgiza kai. Ta ce, "Mai gida ta ce a bar ƙwai inda kaza ta ajiye shi."

Sai Maharazu ya koma wajen akwatin ƙarƙashin kapo, ya zare babban bakin wayoyin da ke shiga cikinsa. Ya ce daga nan zai tambayi kunnuwan ɗaya ɗaya. Ya dangwala, ya ce na gaba na hagu ya amsa. Na dama ya amsa. Na baya na hagu ya amsa. Sai na ji shiru, na ji ya sake dangwalawa, ya busa, ya sake.

"Ga mai laifin. Na baya, hannun dama. Ba ya amsawa ko kaɗan."

Ya ɗaga bayan motar ya shiga ƙarƙashi. Ya daɗe. Ina jin muryarsa tana fitowa daga ƙasa kamar mai magana a rijiya. Ya ce kunnen lafiya lau yake a ido, ba fashewa, ba cizon ɓera. Ya bi wayar da yatsa har inda ta shige cikin jikin mota ta wata ƴar roba. Daga nan ido ba ya ganinta.

Ya fito yana kakkaɓe riga. "Baba, gaskiya ɗaya ce. Tsakanin ramin nan da kapo wayar ta rabu a wani wuri. Irin wannan motar ban taɓa buɗe cikinta ba. Wata takan bi ta gefen ƙofa, wata ta bi ta baya ta zagayo. In zan bi ta sai na kwance cikin motar kaf, kuma wannan ba aikin da za a gama yau ba ne."

"La'asar ta kusa," in ji Yaya Cindo. Ba da faɗa ya faɗa ba.

"To ku taimake ni. Waya ba ta rabuwa haka kawai. Ranar da fitilar ta kama, me aka taɓa a motar nan?"

Jibo ya ce, "Ba a taɓa komai ba."

"Ba ku faɗa rami ba? Ba ku shiga ruwa ba? Ba a canja taya ba?"

"Ko kapo ban buɗe ba. Da safe na zo da ita lafiya lau."

"Ba a taɓa komi ba," in ji Yaya Cindo. "Munka ɗauko shi, munka taho."

Tun da aka yi rasuwar ba mu taɓa zancen tafiyar nan ba, ni da su. Kowa ya ajiye nasa a cikinsa.

Ni kuwa ina jingine da katanga sai ga ranar ta dawo mini. Da hantsi ya cika. Aka naɗe shi a zane da tabarma. Ya fi tsawon bayan motar, kuma kujerun tun tuni an ɗaure su da ƙusa don kada su riƙa rawa da fasinja. Jibo ya aro kile na kwance ƙusa a wajen wani direba a filin likita, shi da Yaya Cindo suka kwance ta tsakiya da ta baya, suka ɗora su a saman mota suka ɗaure da igiya. Ta tsakiyar ta ƙi fitowa, sai da Jibo ya fizge ta. Ni ina tsaye riƙe da kwanonin jinya ina kallonsu. Aka shimfiɗe shi, kansa wajen gaba, ta hannun dama. Na hau na zauna a kan ƙarfe kusa da shi.

Muna fita gari na fara jin wani abu, ƙwas, ƙwas, duk inda mota ta yi tsalle. Na duba sai na ga ƴar waya ta fito daga ƙarƙashin shimfiɗar roba, da ɗan farin kai kamar ƙwayar dabino, tana dukan ƙarfe daidai kunnensa. A jinya ko cokali ya faɗi sai ya farka. Na san ba ya ji. Amma na kama ta na riƙe a hannuna. Haka muka wuce Cadawa, muka wuce Agye, jandarma suka leƙo suka ga abin da ke ciki suka ce mu wuce, Allah Ya jiƙansa. Ban sake ta ba sai da mota ta tsaya a gindin dogon yaron nan maza suka buɗe baya.

Na ce, "Gwaggo, ce masa an kwance kujera."

"Wace kujera?"

"Ta tsakiya. Ce masa akwai waya a ƙarƙashinta."

"Ke ina kika san waya?"

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Malam Maharazu, an kwance kujerar tsakiya a likita. Ta hannun dama akwai waya mai farin kai, a sake take. Ni na riƙe ta har gida."

Gwaggo ta ce, "Ke, Balkisu, takaba fa kike." Amma a hankali ta faɗa, kuma ba ta maimaita ba.

Can Jibo ya ce, "Kujera kuma? Kujera ai ba inji ba ce."

"Duk abin da aka sa wa kile an taɓa shi," in ji Maharazu. "Uwargida, kan yana da ramuka biyu a bakinsa?"

"Biyu. Na ji su a yatsana."

"Wa ya mayar da kujerar?"

Jibo ya ce shi ne, da yamma bayan an dawo daga maƙabarta, da sauri, don a kai baƙin da suka zo daga Sae Sabuwa bakin hanya. Bai ga wata waya ba. Bai duba ba ma.

Maharazu ya miƙa masa kile. Gwaggo ta ce mini Jibo ya karɓa, ya buɗe ƙofar tsakiya, ya tsaya yana kallon wurin kawai. Sai Yaya Cindo ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Kawo nan." Shi ya kwance ta, ina jin kukan ƙusoshin. Su biyu suka fitar da kujerar suka jingina ta da katanga, daidai bayana, har na ji ƙasa ta zubo mini a kafaɗa.

Maharazu ya ɗaga shimfiɗar roba. "Ga ta nan."

Kan wayar, ƙafar kujera ce ta hau shi, ta murƙushe shi kamar gyaɗa. Ɗayan bakin da ya kamata ya shiga cikinsa yana gefe a kwance. Ashe tun can wani ya ɗaure wayar a jikin ƙafar kujera da zare, da Jibo ya fizga sai ta zare. A wurin kuma akwai ƴan karan kaba da suka karye daga tabarmar. Gwaggo ta ce Yaya Cindo ya tsince su ɗaya ɗaya, ya sa a aljihu, ya zaga bayan dogon yaro ya daɗe yana fyace hanci.

"Kan nan ya tashi aiki," in ji Maharazu. "Sai dai in haɗa su kai tsaye. Amarya, akwai garwashi a gidan nan?"

"Ka ga, tun ba a ɗaura ba ya fara aikena."

Ni na tashi na hura gawayi a murhu, na yi ta fifita har ya yi ja. Gwaggo ta kai masa a kasko. Ya sa ƙarfensa a ciki ya yi zafi, ya yanke murƙushen kan, ya feƙe wayoyin, ya haɗa su da dalma. Warin ya tsallako katanga. Ya naɗe su da sikoci, ya kwantar da su nesa da inda ƙafar kujera take sauka, ya nuna wa Jibo wurin ya ce ya gani da idonsa saboda gaba. Ya koma wajen kapo ya tambayi kunnen, ya ce yanzu ya amsa. Ya mayar da bakin wayoyin a akwati.

"Jibo, murɗa."

Na ji makulli. Na ji mota ta tashi. Ina jiran ya ja numfashin nan nasa, bai ja ba.

Gwaggo ce ta yi ihu. "Ta ɗauke! Wallahi ta kama ta ɗauke, da idona!"

Maharazu ya ce a dakata da murna. Wata takan ɗauke a tsaye, in taya ta fara juyawa ta dawo. Sai an taka ta a hanya. Aka mayar da kujera. Ya ce shi ba zai tuƙa ba, Jibo ya tuƙa. Na ji ƙofar direba ta buɗe, ta daɗe a buɗe, sannan ta rufe. Suka tafi su biyu ta hanyar bayan lakol, inda yashi yake da laushi.

Suna tafiya aka kira la'asar. Ana idarwa sai ga mutumin Ɗankama a kan mashin da wani abokinsa. Ya ga gurbin mota babu mota, sai kashin awaki. Yaya Cindo ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa, suka shiga gaisuwa da zancen damina. Mutumin ya tambayi haja. Yaya Cindo ya ce ta ɗan fita, a jira.

Daga nesa na gane ƙararta. Ta tsaya, aka kashe. Jibo ya fito yana magana tun bai rufe ƙofa ba.

"Baba, na taka ta da ƙarfi a kan yashi. Birkin ya yi rawa a ƙarƙashin ƙafata, kar-kar-kar, yadda yake yi a da. Ta tsaya a miƙe. Na sake, ta sake tsayawa. Fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba."

"Makullin fa?" in ji Yaya Cindo.

Gwaggo ta ce mini Jibo ya dubi makullin a hannunsa, ya zura shi a aljihun gaba ya danna maɓalli.

Yaya Cindo ya juya wajen baƙon ya ba shi haƙuri, ya ce an sha wahalar hanya, amma marayu sun fasa. Ya raka su har bakin titi da goro. Da ya dawo ya tsaya a jikin katanga, inda ya san ina zaune.

"Balkisu, kina jina?"

"Ina ji, Yaya."

"Na bar ta. Amma tasha ba ta ga abin da munka gani ba."

Na ce haka ne.

Washegari zai koma Cadakori. Da ma a mashin aka kawo shi daga bakin hanya, amma ya ce da motar ƙanensa zai fita garin nan. Ya bi Jibo tasha, ya shiga kujerar gaba tun ba kowa a ciki, ya sauke gilashi. Hafizu ya dawo ya ba ni labari. Wai duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi, ya sa Jibo ya kashe ya murɗa, ya ce, "Duba da kyau. Ta kama? To jira. Ta ɗauke? To mi kake jira, shigo." Wai har ƴan kamasho suka ce ya bari haka, zai kashe batir. Ba ta cika da wuri ba ranar, amma ta cika, kuma har da mata.

Da na fita takaba na shirya zuwa Cadakori gaishe su, ni da yara. Jibo ya zo ɗaukarmu ƙofar gida kafin ya shiga tasha. Ya buɗe mini gaba, na ce a'a, na buɗe ƙofar tsakiya na zauna ta hannun dama. Na sa tafin ƙafata a kan shimfiɗar roba, na ji ɗan tudun wayar a ƙarƙashi. Raliya ta ce in matsa ciki ta samu wajen taga, na ce ta zaga ta ɗaya gefen.

Jibo ya sa makulli. Na miƙa wuya ta kan kafaɗarsa, don har ranar ban taɓa ganinta da idona ba. Ƙarama ce ashe, ba ta kai ƙwayar wake biyu ba. Ta kama, ruwan ɗorawa. Muka jira. Ta ɗauke.

Na ce masa mu je, rana tana yi.